Girgiza Ɗaya a Bakin Tashar Nguru

Abu ɗaya nake so a ce ban yi ba, kuma ba shi ne wanda dangina suke zato ba. Su a wurinsu laifina shi ne na zauna, ina magidanci da gemuna, ina wasa da kayan wasan yara har mutanen layinmu suka sa mini Mai Jirgin Roba. Wannan kam ko yau aka mayar da ni baya zan sake, kuma sai na fi ba shi lokaci. Abin da yake cina daban ne. Na yi wa mahaifina wani ɗan fim, hoton ya girgiza a wuri ɗaya, sai na ɓoye shi don kunya, har idon tsohon ya rufe bai gani ba.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin muna cikin jihar Borno, gyaran agogo nake yi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Karatuna bai wuce firamare ba, amma hannuna ba ya rawa, idona kuma yana ganin ƙaramin abu. Akwai wani malamin lissafi ɗan ƙasar Indiya da yake koyarwa a wata sakandare, yakan kawo mini agogonsa. Da zai koma gida ya ce kayansa sun yi yawa. Ya bar mini wata ƙaramar kyamarar fim da majiginta, da 'yan kwalayen fim da bai taɓa ba, da wani gwangwani cike da tubalan wasan 'ya'yansa. 'Yan tubala ne na roba, ja da fari da rawaya da baƙi, kowanne da 'yan ƙulu-ƙulu a kansa, in ka danna ɗaya a kan ɗaya sai su kama juna. Har da masu tayoyi.

Kafin ya tafi ya nuna mini wani maɓalli a gefen kyamarar. In ka latsa shi, hoto ɗaya tak take ɗauka. Ya ce in ajiye tubali, in ɗauka, in matsar da shi kaɗan, in sake ɗauka. In aka haska a majigi sai a ga tubalin yana tafiya da kansa. Ban yarda ba sai da na gwada.

Abin da na sani shi na gina. Na gina tasharmu, da rufinta, da tankin ruwa, da sito, da jirgi mai tarago uku. Wani direban a-kori-kura ya ɗebo mini rairayin Yusufari a buhu, mai laushi kamar gari, na shimfiɗa a kan tebur. Na yi itatuwan goruba da tsinken tsintsiya da guntun kaba. A tsakar gida nake aikin, ƙarƙashin rumfar zana, da hantsi kawai, don in rana ta karkata hasken yana canzawa. Kaza ta taɓa haye teburin ta rushe mini sito. Ranar mun ci nama.

Ba a wanke irin wannan fim a Nguru. Sai in ba wani mai duba tikiti a jirgin Kano, shi ya kai wani shago, su kuma su tura can inda suke turawa. Sai ka manta da shi tukuna zai dawo. Da na farko ya dawo na toshe taga da bargo na haska a bango. Ga jirgin roba ya taho shi kaɗai ya tsaya a tasha. Maƙwabcina mai sayar da ƙaro, wanda shi ya fara sa mini sunan nan, ya leƙa bayan majigin yana neman igiya.

"Wa ya tura shi?"

"Ni."

"Ina hannunka?"

"Na janye kafin in ɗauka."

"To, Allah ya shirya," in ji shi, sannan ya ce a maimaita.

Mahaifina tsohon ma'aikacin jirgi ne. Shi yake zuba wa injin kwal, a tsaye kusa da direba, tun zamanin jirgi mai hayaƙi. Da ya bar aiki ya koma garinmu Katuzu, kusa da Gashua, yana noman fadama, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Maganarsa ta ɗan lanƙwashe, amma bakinsa bai mutu ba. Na ɗauki majigina na hau mota zuwa Gashua, na aro ƙaramin janareto wurin wani mai shagon magani, muka toshe tagar ɗakin Baba da rana tsaka.

Ya kalla har ƙarshe. Na ɗauka zai yaba.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Amma wannan kallon mai jiran jirgi ne. Ni ban taɓa jiran jirgi ba. Ni a ciki nake."

Sai ya shiga ba ni labarin yadda Nguru take tahowa in kana kan inji. Goruba tana wucewa ta dama da hagu. Tankin ruwa ya fara leƙowa ƙanƙane, yana girma. Sannan rufin tasha ya matso a hankali ya tsaya a gabanka.

"Rabona da ganin wannan tun kana goye. In kai gwani ne, shi za ka nuna mini."

Wato yanzu kyamarar ce za ta yi tafiya. Na dawo gida na ɗora ta a kan katako, ina tura ta da yatsa kaɗan-kaɗan, ina ɗauka. A idona duk turawar daidai take. Da fim ɗin ya dawo na kai Katuzu ban ko duba ba, don ɗoki. Tashar ta riƙa tsalle a bango kamar kwaɗo, ta zo gaba, ta karkace, ta zabura, sannan ta tsaya cak.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Direban nan a kore shi! Ya zubar da fasinja duka."

"Baba, yatsa ne."

"To yatsan ya koyi aiki. Jirgi ba jaki ba ne da za ka ce masa tsaya ya tsaya. Tun daga nesa yake rage gudu, yana ragewa, yana ragewa, har na ciki ba zai iya cewa ga lokacin da ya tsaya ba."

Ranar ya sa aka jawo tabarmarsa kusa da bango, ya ce hasken majigin ya yi rauni. Hasken lafiyarsa lau. Inna ta bi ni zaure ta ce mini kwanan nan yana cewa yana ganin abu kamar cikin hayaƙi. Na ji, na ce Allah ya sawwaƙe, hankalina yana kan yadda zan hana kyamara tsalle.

Kwalin fim ɗaya ya rage mini. Lokacin an shiga tsuke bakin aljihu, kayan waje sun ɓace daga kasuwa. Mai duba tikiti ya ce ya zaga Kano bai ga mai sayar da irinsa ba.

Na gwada dabaru ba tare da fim a ciki ba. Na jera gilasan taga biyu a gefen teburin, na barbaɗa hoda, na ɗora kyamarar a kan faranti don ta riƙa sulɓi. Sulɓin ya samu, amma turawar ce dai matsala. Na ɗaura zaren kamun kifi ina ja. Zaren yana miƙewa, farantin ya ƙi motsi, sannan ya zabura gaba ɗaya.

Maiɗakina tana ɗinki da keken hannu a bakin ƙofar ɗakinta. Duk kwanakin nan tana kallona. Rannan sai ta ce, "Malam, hannunka fa ba zai taɓa ja daidai ba. Ka bar keke ya ja."

"Wane keke?"

"Nawa mana. In ina naɗe zare a kwarkwaro, ai daidai yake ci. Ka ɗaura farantin da zaren ɗinki mai ƙarfi, ni kuma in juya wili."

"Yaya za ki san iya juyin?"

Ta tashi ta kwaɓo lalle, ta ɗiga ɗigo-ɗigo a kewayen wilin da tsinke, tazara ɗaya, kamar tana yi wa amarya zane. Ta kafa allura a jikin keken a matsayin alama. Ɗigo ya zo kan allura, a ɗauki hoto. Ni kuma na ƙara nawa: na ɗaura wani zaren a bayan farantin, na rataya ƙaton kwaɗon ƙofa a ƙarshensa yana lilo daga bakin tebur, don nauyinsa ya riƙe zaren gaba a miƙe kullum. Farantin ya daina zabura. Illarsa ɗaya: in aka saki wilin, kwaɗon zai ja komai baya.

Na gaya mata maganar Baba ta rage gudu. Ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Daga nesa ta riƙa tsallake ɗigo uku, in an matso ta koma biyu, sannan ɗaya, sannan rabi. Ta ce haka take yi in ta zo kwanar wuyan riga.

Labari ya fita cewa Mai Jirgin Roba ya hana matarsa ɗinki ya sa ta wasa. Yayata ta aiko daga Gashua a tambaye ni ko lafiya. A majalisa in na zo wucewa sai wani ya yi kukan jirgi da baki. Wani malami a layinmu ya ce shi bai ga haramci ba tun da jirgi ba shi da rai, amma ɓata lokaci ne. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, masu dara a gindin darbejiya fa?" Ban taɓa jin kunyar aikin nan ba, kuma har gobe ba na ji. Mutum ya wuni yana cin naman mutane a majalisa a ce dattijo ne, ni na gina tasha da hannuna a ce na zauce. Ban yarda ba a lokacin, yanzu ma da furfurata ban yarda ba.

Muka sa rana. Tafiyar dole a yi ta a zama ɗaya, daga gorubar farko har tasha, kafin rana ta karkata. Muka kulle kaji. Ta zauna a kujerar tsuguno, hannunta a kan wili. Ni ina riƙe da wayar da ake latsa maɓallin da ita daga nesa, don kada in taɓa kyamarar. Ta juya ta ce "to", in latsa in ce "to". Ba wata magana sai wannan. Muka wuce goruba. Tankin ruwa ya matso. Ta koma ɗigo biyu. Mun zo daidai inda na raba layin dogo gida biyu a bakin tasha, sai muka ji sallama, kuma mai sallamar bai tsaya a zaure ba.

Kawuna ne, ƙanen Inna, mai fataucin shanu daga Kumagannam. Ya kawo dabbobi za a loda a jirgi. Gidan ɗan 'yar'uwarsa ne, ba ya jiran iso. Ya shigo da sandarsa da rawaninsa yana gaisuwar Barebari, "Wushe, wushe, masu gida!"

Kowa ya san abin da ya kamata. Ni in miƙe in tarye shi in karɓi sanda in shimfiɗa tabarma. Ita ta ja mayafi ta durƙusa har ƙasa, hannu biyu, ta gaishe shi, ta kawo ruwa.

Na amsa sallamar daga zaune. Na ce mata ƙasa-ƙasa, "Kada ki saki."

Ta zame daga kujera ta durƙusa, hannu ɗaya a ƙasa, ɗayan a sama riƙe da wili. "Sannu da zuwa, Kawu. An zo lafiya?"

Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya dubi tashar roba.

"Yau kuma gaisuwar da hannu ɗaya ake yi a Nguru? Ɗayan na waye?"

"Kawu, ka yi mana haƙuri kaɗan," na ce. "Aiki ne ba ya son a tsaya."

"Aiki! Kai ɗan nan, na ɗauka ƙarya ake yi maka. 'Yata, ke ma ya shafa miki?"

Abin da ta kasa ɗauka ke nan. 'Yar gidan mutunci ce. Ta saki wilin ta kai hannu biyu ƙasa. Na ji kwaɗon ya yi ƙasa, farantin ya ja baya. Ta yi wuf ta cafke, amma ya riga ya tafi. Kawu ya ce shi ba zai katse wa manyan ma'aikata aiki ba, ya juya ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Ban bi shi ba. Muka lalubi inda muke zaton mun tsaya, ta mayar da wilin, muka ci gaba. Ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya, rabi, rabi, har rufin tasha ya cika gilashin kyamara. Fim ya ƙare.

Washegari na sayi goro na sami Kawu a kara, kasuwar shanu. Na durƙusa na ba shi haƙuri.

"Ka daina wasan?"

"A'a, Kawu. Haƙurin rashin tarya na zo bayarwa. Aikin kuwa ina nan a kansa."

Ya ce taurin kan ubana ne, ya karɓi goron.

Da fim ɗin ya dawo muka toshe taga mu biyu. Goruba tana wucewa sumul kamar kana cikin kwalekwale a tafki. Tanki ya leƙo, yana girma. Gudun yana raguwa ba ka san yana raguwa ba. Sai a daidai mararrabar layi hoton ya yi wani irin figa, gefe da baya, sau ɗaya, kamar ƙiftawar ido. Daga nan ya koma sumul har ya tsaya.

"Ya yi, Malam," in ji ta. "Gobe ka kai wa Baba."

"Da wannan figar? Ya sake cewa a kori direba?"

"To ai dariya zai yi. Dariyar ma ba riba ba ce?"

Na ce sai na sami wani fim mun sake, a kai masa wanda ba shi da aibi. Na naɗe shi na sa a ƙasan akwati. Na aika Kano, na aika Maiduguri, har wani mai zuwa Legas na roƙa. Babu. Direbobin Gashua suka riƙa kawo mini saƙo: tsoho ya ce ina jirginsa? In ce a gaya masa yana hanya. In na je gaishe shi sai in tafi hannu rabbana, in ce ba a wanko ba tukuna. Maiɗakina ta yi magana har ta gaji. Damina ta wuce, aka shiga aikin fadama, aka cire albasa.

Rannan na je Katuzu na yi sallama a ƙofar ɗakinsa, sai ya juyo da fuskarsa wajen taga, ba wajena ba. Muka kai shi asibiti. Aka ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, jijiyar ce ta tafi.

Na dawo Nguru na fito da fim daga akwati. Maiɗakina ta ce da ita za a je. Muka aro janareton nan, muka toshe taga kamar kullum, ko da yake shi yanzu duk ɗaya ne a wurinsa. Na gaya masa gaskiya, cewa fim ɗin ya daɗe da dawowa, ni na ɓoye. Ya ce a matso da majigin ya ɗora hannunsa mai lafiya a jiki.

"'Yata, ke ce direba aka ce. Ki gaya mini inda muke."

Na kunna. Ta durƙusa kusa da kunnensa.

"Ga goruba, Baba, dama da hagu."

"Da sauri?"

"Da sauri, amma ba gaggawa. Ga tanki ya leƙo. Yana girma. Mun fara ragewa."

"Madalla. A hankali."

Figar ta zo ta wuce. Ta dube ni. Ni na faɗa.

"Baba, a nan ya girgiza. Sau ɗaya. Shi ya sa na ɓoye."

"A ina?"

"A bakin tasha, inda layi ya rabu biyu."

Sannan gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Kai wawa ne. Ai nan dama yake girgiza. Duk jirgin da zai shiga Nguru sai ya buga a wurin nan, har shebur yake faɗuwa daga hannuna. In bai girgiza ba ai ba a iso ba." Ya shafa majigin. "Mun tsaya?"

"Mun tsaya, Baba," in ji ta.

"Ban ji ba. Direban nan a bar shi a aiki."

Ya sa aka maimaita har man janareton ya ƙare. Duk lokacin da aka zo mararraba sai ta ce "ga ta nan", shi kuma ya ɗan jijjiga kafaɗarsa. Amma da kunne ya shiga tashar. Da na kai masa ran da ta ce in kai, da idonsa zai shiga, ko cikin hayaƙi ne.

Tubalan suna nan a gwangwaninsu, jikokina suna gina abin da suka ga dama, kuma duk wanda ya ce musu wasan banza ne da ni zai yi. Keken ma yana nan, lallen ya koɗe amma ana ganin gurbin ɗigon. Masu kukan jirgi a majalisa yawancinsu sun riga mu, Allah ya ji ƙansu, ban bi su bashin haƙuri ba, su ma ba su bi ni ba.

Roƙona ga mai karanta wannan guda ne. Ka yi aikinka ko duk gari na dariya, kada ka saurare su. Amma in akwai wanda ka yi dominsa, kuma yana jira, ka kai masa ran da ka gama, da figarsa da komai. Kada ka sa a akwati kamar yadda na yi.